Birkin Hannun Dama

"Ina keken Andrawus?" na tambayi Hajjo matata, tun ban sauke buhun gyaɗar da na ɗauko daga gona ba. A zaure na bar shi da safe, jingine da bango, yanzu sai shatin tayarsa a ƙasa.

"Mai shi ya zo ya ɗauka," ta ce daga bakin murhu. "Wai zazzaɓin ya sake shi, yau Asabar, zai hau dutsensa."

"Kin gaya masa na taɓa birkin?"

"Ni na san abin da ka taɓa, Malam? Ya ce a gaishe ka, facin ya yi kyau."

Haushi ne ya kama ni, ba tsoro ba. Na so in ga fuskarsa lokacin da zai gane na gyara masa kuskuren da ya shekara huɗu yana yawo da shi. Ni ne Mainasara mai gyaran keke na bakin kasuwar Birnin Gwari, kuma a wancan lokacin ban yarda akwai wanda ya fi ni sanin keke daga nan har Kaduna ba.

Andrawus Shekari maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu shekara goma sha huɗu. Ya yi aikin gandun daji har ya bari, bayan wani gungumen maɗaci ya danne masa hannun hagu wajen yankan katako. Da ya zauna a gida sai ya ɗauko wata ɗabi'a da ba mu taɓa gani ba. Mu dai mun san keke na zuwa kasuwa ne, ko gona, ko kai mara lafiya asibiti. Shi kuwa sai ya tura nasa cikin daji ta hanyar Kazage, ya hau da shi wani dutse da muke kira Kan Giwa, ya gangaro. Ba ya sayo komai, ba ya sayar da komai. Ya dawo da ƙaya a wando yana dariya.

Da hannunsa ya haɗa keken. Firam ɗin na wani tsohon masinja ne. Ya cire kariyar ɗaukar kaya, ya cire marufin sarƙa da duk wani ƙarfen ado, ya cusa tsohuwar taya cikin sabuwa don kada ƙaya ta huda, ya yanko bututun ruwa ya yi kan keke da shi. Birkin sanda irin namu ya jefar, ya sa na waya da ya samu a jikin keken wani Baturen safiyo da ya koma ƙasarsu. Mutanen unguwa suka sa wa keken suna Tsirara, ni ne ma na fara faɗa. Bai taɓa barin na sa masa sifana ba, wannan kuwa ya daɗe yana ci mini rai.

Sai zazzaɓi ya kwantar da shi, tayar baya kuma ta sace, ya aiko mini da Tsirara in yi faci kawai. Ina gama facin na matsa birki don in gwada. Na matsa hannun dama, sai ƙafar baya ta kama. Na matsa hagu, ta gaba ta kama. Na yi dariya ni kaɗai. Kowane keke a ƙasar nan dama ta gaba ce, hagu ta baya. A shekarar ne gwamnati ta mayar da tuƙin mota hannun dama, na ce wato shi ma Andrawus ya yi nasa canjin hannun. Cikin minti goma na kwance wayoyin na mayar da kowace inda littafi ya ce, na sa giris, na ɗaure su tamau.

To da na rasa keken a zaure, sai na leƙa gidansa don in fara yi wa matarsa Laraba ba'ar. Na same ta tana shanya kuɓewa a kan tabarma.

"Sannu da aiki, Maman Lidiya. Ashe gwanin naku bai san dama da hagu ba? Na ga birkinsa a juye."

Ta yi dariya, ba ta ko ɗago ba. "Ai da gangan ya yi, Malam Mainasara. Hannun hagun nan ba ya damƙa, yatsu uku sun mutu. Ya ce a kan dutse birkin baya ne rai, na gaba kuwa in ka matse shi a gangara sai ya jefa ka ta kai. Shi ya sa ya mayar da na baya hannun da ke da ƙarfi."

Na san hannun. Na sha ganin yadda yake riƙe kofin shayi da shi kamar mai tsoron ƙonewa. Shekara goma sha huɗu muna maƙwabtaka, amma ban haɗa wannan da wancan ba.

"Tun yaushe ya fita?"

Yanzu ta ɗago. "Tun hantsi. Lafiya?"

Na fice a guje. Na fizgi kekena na hau.

Ina tafe ina lallashin kaina. Na ce ai zai matsa birki a hanya ya gane. Amma na san ƙarya nake yi. Hanyar Kazage yashi ce, keke da kansa yake tsayawa, kuma Andrawus ƙafa yake saukewa in zai tsaya a fili. Yakan ce kada a ɓata robar birki a banza, ta dutse ce.

Na wuce gonakin dawa na ƙarshe na shiga daji. Ƙarshen damina ne, ciyawa ta fi ni tsawo, ta rufe hanyar har sai da na riƙa bin shatin tayarsa mai faɗi da ido. Dajin ya yi tsit. Ko kurciya ban ji ba, sai ƙarar sarƙata da numfashina. A wani rafi na ga inda ya sauka ya ɗauki keken a kafaɗa, sawun takalminsa na roba ya nutse a laka, ruwa bai gama cika shi ba. Wasu birai suka tsallake gabana suka hau bishiyar doka suka zauna suna kallona, ba su gudu ba. Ban san sa'ad da na fara karanta duk addu'ar da ta zo bakina ba.

Sau ɗaya na taɓa raka shi Kan Giwa. Dutse ne sumul mai faɗi, daga sama yana saukowa a hankali, sannan ya karye ya miƙe ƙasa, a gindinsa kuma akwai duwatsu a warwatse. Ranar da ƙafa na sauko, ina dafa ƙasa, shi kuwa ya wuce ni yana ihu kamar ɗan shekara goma.

Da na fito daga cikin ciyawa na hango shi. Yana can sama da farar singiletinsa, ya riga ya ɗora ƙafa a kan feda. Na yar da kekena na ruga ina ɗaga hannuwa biyu. Ya gan ni. Har ya ɗaga mini hannu, sannan ya sunkuya ya sako keken.

Da na yi shiru, wataƙila da ya taɓa birkin a hankali tun a sama, ya ji baƙon abu, ya san dabarar da zai yi. Wannan tunanin bai bar ni ba har yau. Amma ban yi shiru ba. Maganar da ke bakina doguwa ce, wadda ta fito kuwa kalma ɗaya ce.

"Birki! Birki!"

Ya kai daidai inda dutsen ya karye. Ya ji maƙwabcinsa yana ihun birki, ya ɗauka wani abu na gani a gabansa. Ya damƙe hannun dama da duk ƙarfinsa.

Ƙafar gaba ta tsaya cak. Aikina ne, ba ta ko zame ba. Ƙafar baya ta tashi sama, na ga tafin takalmansa, sannan na ji ƙarar da ba na son in kwatanta.

Na same shi kwance rigingine tsakanin duwatsu biyu, idonsa a buɗe, babu jini sai kaɗan a goshi. Tsirara na gefe, ƙafar baya tana ta juyawa.

"Mainasara," ya ce, "me ka gani a hanyar?"

Na tsuguna a gefensa.

"Ɗaga mini ƙafata, na ji kamar ba ta nan."

Wani Bafulatani mai suna Usman da ke kiwo a kusa shi ya ji ihuna ya zo. Muka sare sanduna, muka ɗaure da rawaninsa da rigata, muka ɗauko shi har bakin hanya, wata motar katako ta kawo mu gari. Malamin asibiti ya duba shi ya ja ni gefe. Ya ce ƙashin wuya ne, kuma in aka ɗora shi a mota zuwa Kaduna a kan wannan hanyar, ba zai kai rabi ba. Andrawus ya ji. Ya ce a kai shi gida.

Kwana uku ya yi. Aka shimfiɗa masa katifa a ƙasa a ɗakinsa, aka tokare kansa da buhunan yashi biyu. Mutanen cocinsu suna zuwa su yi waƙa a tsakar gida da murya ƙasa-ƙasa, mutanen masallacinmu suna zuwa su tsaya a ƙofa su yi masa sannu. Kowa ya fito sai ya girgiza kai ya ce dama an faɗa masa, dattijo da hawan dutse. Ina jin su, ina zaune a dakalin ƙofar gidansa, ban buɗe rumfata ba. Hajjo ta kawo abinci ta mayar. Laraba takan wuce ni da kwano, ta gaishe ni kamar kullum, amma ba ta kallon fuskata.

Ranar Litinin da azahar ta fito ta ce yana kirana, ita kuma za ta je rijiya.

Ɗakin yana warin man zafi. Ya rame a kwana biyu, numfashinsa yana fita guntu-guntu. Idonsa kawai yake iya juyawa.

"Maƙwabci, zauna inda zan gan ka."

Na durƙusa a gabansa.

"Ka gyara mini birki," ya ce.

"Na gyara."

"Na sani tun ina sama, kafin in faɗo. Na ce wannan kamun ba nawa ba ne." Ya nemi iska. "Ya kama sosai. Ni ban taɓa iya ɗaure shi haka ba."

Kuka ya ƙwace mini, irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifiyata. Na ce ya yafe mini, na ce girman kai ne, na ce da na tambaye shi.

"Da ka tambaya, da ban gaya maka ba," ya ce. "Kunyar hannun nake ji. Kai kana ce wa kekena Tsirara, in kuma ce maka mai shi ma hannu ɗaya gare shi?" Bakinsa ya motsa, dariya yake son yi. "Ka ce birki, na kama. Ka taɓa ganin na ji maganarka sai ranar?"

"Zan gaya wa Maman Lidiya. Zan gaya wa kowa."

"Ba za ka gaya ba." Muryar ta yi ƙarfi har na tsorata. "Lidiya tana makaranta a Zariya. Wa zai gyara wa uwarta rufi in ruwa ya zo? Wa zai kai ta asibiti? Za ta rasa miji, kada ka sa ta rasa maƙwabci. Ka bar su su ce dutse ne."

Na sunkuyar da kai.

"Ka ji ni?"

"Na ji."

"To ba ni labari. Da na sako daga sama, kafin ka yi ihu, yaya ka gan ni?"

Na share fuska. Na ce masa gaskiya, ban taɓa ganin keke ya yi gudu irin wannan ba, kuma ya zauna a kansa daram.

"Ai na faɗa maka," ya ce, ya lumshe ido.

Washegari Talata da la'asar, ina dakali, waƙar da ake yi a tsakar gida ta tsaya a tsakiya. Sai muryar Laraba. Na tashi na cire hulata, na rasa abin da zan yi da ita, na mayar.

Ni na haƙa rabin kabarinsa. Ba a saba ganin Musulmi a cikin ramin maƙabartar coci ba, amma ba wanda ya hana ni.

Bayan mako biyu na buɗe rumfa. Ina zaune da safe ban fara komai ba sai ga Laraba cikin baƙin zane tana turo Tsirara. Kan keken ya karkace, ƙafar gaba ta lanƙwashe tana gogar firam. Ta jingine shi a jikin turken rumfata.

"Baban Lidiya ya ce in kawo maka," ta ce. "Ya ce kai ka san yadda yake a da."

Wannan karon ta kalle ni, ta daɗe tana kallona. Ita ce ta gaya mini zancen hannun, a gabanta na ruga a guje. Ban gaya mata ba, ba ta tambaye ni ba, amma na san ta sani. Na jira ta faɗi abin da ya kamace ni. Sai ta jawo bencin da masu kawo gyara ke zama, ta zauna, ta ɗora hannuwa a cinya.

Na kifa keken a kan sirdinsa. Na ɗauko sifana. Na kwance wayoyin da na ɗaure tamau, giris ɗina yana nan a jikinsu bai ko bushe ba. Na mayar da ta gaba hagu, ta baya dama. Na kama feda na juya, ƙafar baya ta ɗauki gudu tana ƙyas-ƙyas-ƙyas, mu biyu muna kallonta.

Laraba ta miƙo hannunta na dama ta matsa birkin. Ƙafar ta tsaya.