Riƙon Tankar Baba Modu

Ni na riƙe wa Baba Modu tankarsa lokacin da za a cire masa yanar ido.

Maƙwabcinmu ne a Ƙofar Wambai, aminin marigayi mahaifina. Iyayensa daga Barno suka zo, shi kuwa a nan Kano aka haife shi. Shekara ashirin da shida yana jan tanka, bakwai na ƙarshe a kudu, inda yake ɗaukar ɗanyen mai daga wata rijiya a daji zuwa wata ƙaramar matatar mai. Ni kuwa tun da na bar makaranta a aji huɗu na sakandare na yi rini a Ƙofar Mata, na yi gyaran waya, na ja adaidaita. Tipar yashi ce kawai na cika shekara biyu a kanta, ita ta ba ni lasisin babbar mota.

Kamfanin su Baba ba ya biyan albashi, sawu yake biya. Wanda kuma motarsa ta yi sati uku ba lodi, sai a ba wani. Shi ya sa direbobi suke yin riƙo: in mutum ya kwanta ciwo, sai ya ba wanda ya yarda da shi makulli da katinsa, a ci gaba da lodi da sunansa, a raba kuɗin biyu. Masu gadi sun sani, direbobi sun sani. A dokar ofis kuwa laifin kora ne.

Ana gobe zan tafi ya kira ni soronsa da hantsi.

"Nata'ala, zauna. Na ce zauna, ba tsugunon mai jiran mota ba."

Ya ciro wani abu daga aljihu mai kama da man goge baki, sabo fil, ya sa min a hannu.

"Ɗanyen mai da ruwa yake fitowa. In an gama maka lodi, ka kashe mota, ka jira awa guda ruwan ya kwanta. Sai ka hau saman tanka da ƙafarka, ka shafa wannan a sandar awo, ka zura har ƙasa. Inda ya yi ja, ruwa ne. Ka tsaya a kan akawu ya rubuta shi a takarda, sannan ka sa hannu. In ba haka ba takarda za ta ce duka mai ne, kuma man za su nema a matata."

"Awa guda, Baba? Kowane sawu?"

"Kowane sawu."

Matarsa, Ya Aisa, tana shigowa da kofuna ta ce, "Wannan ne zai jira awa guda? Yaron da ko shayi ba ya bari ya huce?"

Muka yi dariya. Baba bai yi ba. Ya ce, "Shekara ashirin da shida ba a taɓa neman lita ɗaya a hannuna ba. Sunana za ka rubuta, ba naka ba."

A kudu na tarar da abin da ba ya ba mu labari. Tanka arba'in a layi, kwana biyu ko uku kana jira ba ko sisi, tabarmarka a ƙarƙashin mota, sauro kamar an aiko su. Ruwan sha ma saya kake. Ƙofar matata kuma ƙarfe huɗu ake rufe ta. In ka makara da minti biyar ka yi asarar yini.

Ranar lodina na farko na ciro man awon da Baba ya ba ni. Direban da ke bayana yana ta danna min hon, akawu ya miƙo takarda yana kallon agogo. Wani direba sa'ana ya leƙo ta taga ya ce, "Kai ma kayan tsofaffi ka zo da su? Kafin ruwanka ya kwanta mun kai mun dawo." Na mayar da man aljihu, na rubuta Modu Bukar, na tayar da mota. A matata ba a ce min komai ba.

Cikin sati uku na yi sawu takwas, a lokacin da Baba yake yin shida. Na kira shi ina jin kaina.

Ya ce, "Takwas? Kana dai hawa?"

"Ina hawa, Baba."

A sawu na tara aka yi min lodi daga gindin babban tankin rijiyar, inda ruwa yake taruwa. Ban sani ba a lokacin. Sai a matata, da mai awonsu ya zaro sanda, na ga jan ya hau kusan tsawon hannuna. Lita dubu huɗu ruwa, takarda kuwa ta ce mai. Na nuna musu hatimin murfi bai karye ba. Suka ce direbobi sun iya gyara hatimi. Wai na sayar da mai a hanya ne na cike da ruwa. Wani mai farar hula ya tambayi sunana. Na ce Modu Bukar.

Suka karɓe makulli. Bayan kwana huɗu shugaban direbobinmu, Malam Bashir, ya kawo min ambulan. Bai ko zauna ba. "Kai ka ɓata, kai za ka kai masa."

Na iso Kano da azahar. Tun daga bakin lungu na ji muryar Baba.

"Nata'ala! Ka ga na hango ka? Da sai ka taka min ƙafa nake sanin kai ne!"

Yana zaune a ƙofar soro, baƙin tabarau a goshi. Ya ja ni gefensa yana karanta min allon shagon da ke tsallaken hanya, har da lambar waya. Ya ɗaga murya don a ji a cikin gida: "Ashe Aisa ta tsufa haka ba wanda ya gaya min!"

"Ka nemi madubi tukuna, Malam," ta amsa daga ciki.

Ya ce likita ya ba shi sati biyu ya koma kan sitiyari. Ya tambayi taya ta baya, ya tambayi birki. Na rasa ta inda zan fara, sai kawai na ciro ambulan. Na ce bari in karanta masa.

"Kawo. Yau ba sai an karanta min ba."

Ya karanta a hankali, leɓensa na motsi, yatsansa na bin layi. An kore shi saboda sata, babu kuɗin sallama. Da ya kai ƙarshe ya koma farko. Sannan ya ninke takardar, ya miƙo min hannu.

"Ba ni man nan."

Na ba shi. Ya murɗe murfin, ya ɗaga shi ga haske. Farar ledar da masana'anta ta liƙe bakinsa da ita tana nan, ko ƙwarzane babu. Ya daɗe yana kallonta.

"Ko sau ɗaya," ya ce.

Na sauka daga benci na durƙusa. Na ce gobe zan koma, in gaya musu ni ne a motar, shi yana Kano ido a ɗaure.

"Ka gaya musu riƙo aka yi?"

"E, Baba."

"Abokin aikinmu Kabiru yana kwance ƙafa a karye, ƙaninsa ke riƙe masa. Akwai mutum uku bayansa. Ran da ka buɗe baki a ofis, duk an karɓe motocinsu. Ni ma korar dai ce, sai dai a canza dalili."

"Amma ba za a ce ɓarawo ba."

Ya mayar da murfin, ya ɗaure shi sosai, ya sa min a aljihun rigata. Ya Aisa ta fito da kwanon shinkafa tana cewa kudu ta ramar da ni. Ta dubi fuskarsa, ta dubi tawa, ta ajiye kwanon a ƙasa.

Baba ya ce, "Ci, ka sha hanya."

Ban koma na faɗa ba. Bayan sallah ya nemi aiki a kamfani biyu, duka labari ya riga shi zuwa. Yanzu a ƙofar soro yake yini, yana karanta jaridun da mai shago ya gama da su. Ni na koma tipa. In na taso daga aiki nakan zaga ta Jakara in shigo gida ta baya, ko da yake ta fi nisa. Ranar da na manta na biyo ta lungunsu, tun daga nesa yake gane ni, ya ɗaga min hannu.