Gwaggo Hilma Ba Ta Yi Kewar Kowa Ba

Shekara ashirin da biyu ke nan Arvid Niskanen bai kwana a wajen ƙauyensu na arewacin Minnesota, a Amurka, ba da zarar sanyi ya shigo. Dalilin kuwa na nan tsaye a filin gidansa, taku arba'in daga ƙofar kicin: wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, wuta a cikinta, ruwa kewaye da wutar, bututu na bi ta ƙarƙashin ƙasa yana kai ɗumi cikin gida. Ya sa mata suna Gwaggo Hilma, don tunawa da wata gwaggonsa da ba a taɓa jin ta ce ta ƙoshi ba. Safe da yamma take cin itace. In wutarta ta mutu a watan Janairu, ruwan ya daskare ya fasa cikinta, to sai dai a kira masu sayen tsohon ƙarfe.

Sa'o'inta na gidajen maƙwabta duk tsatsa ta cinye su tun suna shekara sha biyar. Ta Arvid na nan daram, kuma shi a ganinsa albarkar hannunsa ce kawai. Kowa ya ji wannan labari a bakinsa, har da wanda ya tsaya tambayar hanya.

Ana haka sai 'yarsu Kirsti ta haihu a Arizona, a tsakiyar Janairu. Darlene, matarsa, ta ajiye tikitin jirgi biyu kusa da kofinsa.

"Yarinyar nan ba ta iya haƙuri zuwa Yuni ba?" in ji Arvid.

"In mun je ka tambaye ta. Kwana biyar ne, maigida. Wendell zai duba wutar."

Wendell ƙanin Darlene ne, ɗan shekara hamsin da tara, mutumin da ke ɗumama gidansa da gas, ta hanyar danna maɓalli da yatsa ɗaya. Arvid bai taɓa yafe masa wannan ba. Amma da ya ga fuskar Darlene, ya san ba ranar gardama ba ce. Ya zauna ya rubuta wa Wendell umarni shafi huɗu: ɗanyen gungume kaɗai, don shi ke daɗewa yana ci, kada a taɓa tokar da ke lunguna, baƙin daskararren abin nan mai kama da kwalta da ya manne a bangon ciki rigarta ce, wanda ya kankare shi ya tuɓe ta.

"Yaya, ko jinjiri aka bar mini ai takardar ba ta kai haka ba," in ji Wendell.

"Jinjiri in ya ji yunwa yana kuka. Wannan mutuwa take yi shiru."

A Arizona aka miƙa masa jikarsa. Ya ɗaga ta, ya jinjina, ya ce nauyinta ya yi daidai da busasshen guntun itace mai kyau, kuma a wurinsa ba yabon da ya wuce wannan. Daga nan ya fita baranda ya kira Wendell. Sau shida a rana yake kira, kullum buƙatar ɗaya ce: a kara wayar a jikin tukunya ya ji numfashinta. Rana ta uku ya daɗe yana saurare.

"Numfashinta ya canza. Me ka yi mata?"

"Lafiyarta ƙalau, Yaya. Je ka ɗauki jikarka."

Abinci bai ƙara yi wa Arvid daɗi ba. Tsoro yake ji na gaske, irin na wanda ya bar mara lafiya a hannun mahauci.

Ranar da suka dawo, da la'asar, motarsu na shan kwanar coci Arvid ya ɗaga kai. Daga nan kullum yake hango hayaƙin gidansa, baƙi ƙirin, wanda ya hana maƙwabta shanya shekara da shekaru. Yau sama fes. Tun motar ba ta gama tsayawa ba ya dira, ya ratsa dusar ƙanƙara har gwiwa, hula a hannu, yana kiran sunan Gwaggo Hilma da muryar makoki. Ya fizge ƙofar tukunya. Wuta ce ke ci a ciki tangararau, mai haske irin wanda bai taɓa gani ba, har sai da ta lashe masa gira.

Wendell ya fito daga rumfa da baro a hannu.

"Sannu da hanya, Yaya. Na tsinci littafin masu ƙera ta a bayan murfin baya, ko ledarsa ba a yage ba. Cewa suka yi jiƙaƙƙiyar toka da baƙin nan su ke cin ƙarfe. Baro huɗu na kwashe. Wani lungun ya kusa hujewa, na sa an liƙe shi da walda. Sannan na ga busasshen itace jibge a rumfa, shi nake ba ta."

"Itacen rumfa? Shekara tara ina tara shi! Na kallo ne!"

"To ita dai ta ce yana da daɗi. Yanzu sau ɗaya take ci a rana. Mai walda ya ce bai taɓa ganin tukunyar da ta sha wuya irin wannan ta rayu ba."

Darlene ta iso tana jan akwati. "Ka ga ke nan baɗi wata guda za mu yi wajen Kirsti."

Arvid ya tsaya yana kallon wutar, girarsa na ƙauri. Ya yi murna tana raye, amma baƙin cikin ya fi yawa, don ya gane shekara ashirin da biyun nan haƙuri kawai take yi da shi. Can ya matsa kusa da Wendell, ya rage murya.

"Da na tafi, ba ta yi ko ɗan tari ba?"

Wendell ya dubi yayarsa. Ta ɗan lumshe masa ido.

"Ranar farko kam ta yi tari, Yaya. Sau biyu ma."

"Na sani," in ji Arvid, yana share ido da hula. "Har can na ji a jikina."