Kazar Ƙarya Mai Taya Huɗu

Lorne ya ɗaga shokozobar motar wasansa zuwa hasken taga, 'yar aba ce da ba ta fi yatsa ba, yana ɗiga mata mai yana jiran kumfar ta kwanta. Motar wasan tana kan teburin garejin an cire mata tayu. Girmanta bai wuce kwalin takalmi ba.

"Jiya ma haka ka yi ta fama," in ji yayarsa Marlys daga bakin ƙofa. "Ƙarshenta kazata ta shiga fili tana tsalle kamar ta taka garwashi."

"Yaya, don Allah ki bar ni in ji da abu ɗaya."

Rigimar a kan filin gado ce, wani fage shimfiɗaɗɗe a makiyayar mahaifinsu da ke Wyoming a Amurka. Lorne tun yana saurayi tseren motocin rimot ya shiga ransa, har furfura ta cinye gemunsa bai warke ba. Ya riga ya kafa turaku da jan ƙyalle a fagen, ya kuma shirya da Delbert mai gireda ya zo ranar Litinin ya share wa ƙungiyarsu filin tsere. Marlys ta ce atafau, a nan kajin daji suke rawa duk watan Afrilu tun kafin a haifi kakansu. Shi kuwa ya ce bai taɓa ganin komai ba sai ɗige-ɗige daga nesa, don tsuntsayen ba sa yarda mutum ya matso.

Sai ta ɗinka wa motarsa rigar buhu, ta sossoka mata gashin tsuntsu, ta manna mata kai na soso, har ta fito kamar kazar daji. Ta ce ya ɗaura kyamara ya kai ta tsakiyarsu ya gani da idonsa, in bayan haka gireda yake so, ta bar masa. Ta san ƙaninta sarai. Ya gwammace ya rasa filin da a ce akwai inda motarsa ta kasa shiga.

Gwajin farko abin kunya ne. Motar tsere ce, sifirin ɗin da ke shanye mata gargada tauri, sitiyarinta zafi. Tana faɗawa kwarin farko kan soson ya yi gefe, kajin suka tashi gaba ɗaya kafin kyamarar ta ga ko gashi. Saura asubar Lahadi kawai.

Don haka yau duk abin da hannunsa ya saba, baibai yake yin sa. Ya cire sifirin masu tauri ya sa mafi taushi a akwatinsa, waɗanda ya daɗe yana yi wa dariya. Ya zuba wa shokozoba mai mai kauri, don in taya ta hau dutse ta sauko a natse. Ya liƙa darma a ƙasan motar. Ya bi sandunan sitiyari ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure duk inda yake lilo, sannan ya rage kaifin kwana a jikin rimot har tayoyin suka koma juyawa kamar masu jin kunya.

Da ya gama ya ɗora kofin Marlys, cike da kofi, a kan motar, ya tuƙa ta a kan tsakuwar tsakar gida. Tayoyin suna hawa suna sauka, kofin bai zubar da ko ɗigo ba.

"Ikon Allah," in ji Marlys. "Ashe ka iya tafiya a hankali. Da Baba zai gani, da ya ce an musanya masa ɗa."

"Ki ɗauki kofinki kafin in canja shawara."

Da asuba suka ajiye a-kori-kura nesa da fagen, suka kashe fitila. Sanyi yana cizon yatsu. Lorne ya ajiye motar a ƙasa, ya dawo ciki, ya ɗora ƙaramin allon kyamara a kan cinyarsa. Ya taɓa kunamar rimot da ƙyar, kazar ƙarya ta fara rarrafe cikin ciyawa.

"Tsaya-tsaya," Marlys ta raɗa. "Kaza ba ta miƙe hanya. Ka yi kamar kana kiwo."

Ya tsaya, ya karkata, ya sake matsawa. Ga kwarin da ya kunyata shi shekaranjiya. Tayar hagu ta faɗa, sifirin ya shanye, hoton ko gezau bai yi ba. Ciyawa ta buɗe, sai ga fagen.

Zakaru ne birjik, ko'ina ka duba, kowanne ya baza jela kamar tsinin mashi, ya kumbura farin ƙirji. Ɗaya ya tako har gaban kyamarar. Daga ƙasa ya yi girma kamar mutum. Ya ja fikafikai, ya ɗaga ƙirjin ya sake shi, wasu jakunkuna biyu rawaya suka ɓullo suka koma, da wata ƙara kamar an jefa dutse a rijiya mai zurfi. Wani ya amsa daga baya, wani ya karɓa, har fagen duka ya ɗauka. Rana ta leƙo, tururin numfashinsu ya kama haske.

Lorne ya girma a wannan ƙasa, ya taka fagen nan ya fi a ƙirga, bai taɓa sanin abin da ya sa ciyawa ba ta fitowa a cikinsa ba. Ashe ƙafafu ne suka daɓe shi. Tsigar jikinsa ta tashi, ya ji kansa ƙarami ƙwarai.

"Wannan na gaban kyamara wa yake yi wa rawa?" ya tambaya.

"Motarka mana. Ka samu suruki."

Bai yi dariya ba. A gefen hoton yana hango turkensa na kwanar farko ta filin tseren, jan ƙyallen yana kaɗawa, wata kaza ta gaskiya tana tsaye a gindinsa tana kallon masu rawa.

Sai da rana ta ɗaga kajin suka watse don kansu. Suka taka zuwa fagen ɗauko motar. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya duba, Delbert ne. Ya mayar da ita aljihu tana ta ƙara.

"Yaya, gobe ma suna zuwa?"

"Har ƙarshen wata, in an bar su."

Ya sunkuya ya danna bayan motar da yatsa, ya sake ta, yana kallon yadda take ɗagowa.

"Bayan nan da sauran tauri," ya ce. "Sai na ƙara mata taushi kafin asuba."

Ya rungumi motar a hannu ɗaya, ya kama turken da ɗaya hannun, ya girgiza shi har ya fita.