Takalmin Yaya a Ƙafar Auta

Yaya na tsaye a ƙofar majalisa, riƙe da kwalin da ta rubuta "A ƙaro bas, a yi mana hanyar ƙafa da ta keke", sai ta hango ƙanwarta Auta tana fitowa daga motar mijinta a bayan gidan mai. Auta ta tako 'yar ragowar tazarar tana haki kamar wadda ta sha tafiya.

Yaya ce ta fara wannan fafutuka, tun ranar da tirela ta kusa murƙushe ta a hanyar asibitin da take aikin jinya. Ita ta bi gida-gida ta tattaro masu keke da masu jiran bas. Amma da aka zo zaɓen wanda zai yi wa kwamitin kasafin kuɗi magana, sai ƙungiya ta ce Auta ta fi iya baki. Autar da ko tashar unguwarsu ba ta sani ba! Kishi ya hana Yaya barci har mako guda.

An yi alkawari kowa zai zo a ƙafa, a keke ko a bas. Idan Yaya ta tona asirin Auta, a take za a miƙa mata makirfo. Sai dai 'yan kwamiti ma za su ji, kuɗin kuma ya tafi faɗaɗa titin motoci.

"Sannu da tattaki, ranki ya daɗe," in ji Yaya.

"Yaya, rufa mini asiri. Makara na yi."

Yaya ta dubi ƙafarta. Takalmi mai tsini, sai ƙyalli yake yi.

"Wa zai yarda da ke a haka? Cire, mu yi musaya."

A ciki, Auta na tsakiyar jawabi ta cire takalmin Yaya, ta ɗaga shi sama, dunduniyar duk ta cinye. "Ku ga abin da hanya ke yi mana!" Zaure ya kaure da tafi. Shugaban kwamiti ya ce za a sa bukatarsu a kasafi. Yaya ma ta tafa, yatsunta na zugi, zuciyarta ta fi su.

A waje jama'a suka yanyame Auta. Ta raɗa wa yayarta: "Yaya, janye su, mota na jirana."

Yaya ta yi murmushi, ta ɗaga murya. "Jama'a, Auta ta ce a ƙafa za ta koma. Ku raka ta har gida!"

Ita kuwa ta ɗingisa zuwa tasha.