Ƙasar Gindin Mangwaro

"Umma, ita ma wannan matar cin ƙasa take yi, irin naki?"

Siddiqa ta ji kamar ta nutse. Ga tulu a ka, ga cikin wata bakwai, ga Hamida 'yar shekara biyar tana nuna baƙuwa da yatsa. Baƙuwar na tsugune a bakin rafin Zoza, tana ɗibar ƙasa tana ƙullawa a leda. Dakta Rumasa'u ce, malamar jami'a mai auna ƙasar gonaki, duk rani sai ta zo.

"Rufe mana baki, uwar surutu! Sannu da aiki, Dakta. Ki yi haƙuri, yarinya ce."

"Yawwa, sannu. Ya nauyin jiki?" Dakta ba ta yi dariya ba. "A ina kike ɗiba?"

Kwaɗayin ciki ne, ko mijinta bai sani ba. Da ƙyar Siddiqa ta nuna gindin mangwaro, inda ƙasar take fara, mai laushi, mai ƙamshi in ta jiƙa.

Dakta ta zauna dirshan, ta murza idanu.

"A nan masu feshin maganin ƙwari suke wanke tankunansu. Shekara uku ina aunawa, duk fadamar nan babu inda ya kai wurin nan guba. Na rubuta, na kai ofis-ofis, na tara maza a ƙofar mai unguwa har muryata ta dushe. Ban taɓa tunanin in tambayi mata ba."

Siddiqa ta dafa cikinta. "Wannan fa?"

"Ban sani ba, ƙanwata, ƙasa kawai na iya aunawa. Gobe ki je awo. Ki faɗa musu komai, ki ajiye kunya a gida."

Siddiqa ta sauke tulu. Ta kwance haɓar zaninta, ta jefar da ɗan curin ƙasar da ta ƙulle ɗazu. Ƙafafunta sun yi nauyi, ga asibitin da nisa, amma za ta je.

"Umma, in yar da nawa ma?"

Hamida ta buɗe tafin hannu. Curi ne fari, gefensa jiƙe da yawu.

Ke 'yar'uwa mai ciki, in ranki ya biya ƙasa, kada ki ɗiba a bakin fadama, komai kyanta. Ba ki san abin da aka wanke a wurin ba. Kuma kada ki ce a ɓoye kike yi. 'Yarki tana kallonki.