Rubutun da Ya Koma Dama

Shafa'atu ta dire tablet ɗin aiki a teburin Sha'ibu mai gyaran salula, a tsakiyar kasuwar Dakoro.

"Duba mini wagga aba. Ta karkace."

Shekara ashirin da biyu tana yi wa jarirai allurar rigakafi, gobe ma za ta fita ƙauyukan Mai Yara. Sunayen yara da allurar kowannensu suna cikin manhajar da aka ba su. An ce manhajar girman gilashin waya kawai take bi: babba ta miƙe ƙafa, ƙarami ta takure. Haka dai aka ce. Amma wata uku ke nan rubutun yana jan jiki zuwa dama, kaɗan-kaɗan, kamar mai ba baƙo wuri a tabarma. Hagu ya zama fili fetal.

Sha'ibu ya sauke manhajar a tasa wayar. Komai daram a tsakiya.

"Shiga da sunanki, Inna."

Ta shiga. A kan idonsu layukan suka sulale dama, suka yi cincirindo a gefe.

Shafa'atu ta ɗago ta dube shi. "Ban taɓa riƙe wayarka ba."

"Manhajar ba wayar ta sani ba, ke ta sani. Tana lura da inda yatsanki ke sauka. Abin da kike tsallakewa, sai ta matso miki da shi inda za ki gani."

"Ni ce mai tsallake? Ni na yi maka allurar ƙyanda, ka cika unguwa da tsuwa!"

Bai yi dariya ba. Ba ita yake kallo ba, gefen kafaɗarta yake kallo.

"Inna," ya ce a hankali, "baiwar Allah ga tun ɗazu take miƙo miki hannu."

Shafa'atu ba ta ga kowa ba. Sai da ta juya kanta gaba ɗaya. Ga mace tsaye a hagunta, kusa har mayafansu na gogar juna, da jaririya a kafaɗa, hannunta a miƙe.

"Madam, daga Mai Yara nike. An ce gobe kuna tafe. Ke za ki yi mata, ko? Hannunki ba ya zafi."

Shafa'atu ta daɗe tana kallon cinyar jaririyar, 'yar siririya kamar karan gero. Ashe ba rubutun ne ya karkace ba, ita ce ta daina ganin hagu.

"Abokiyar aikina Furera za ta yi mata," ta ce. "Ni zan riƙe ta."