Yadda Aka Sanar da Rasuwata a Talabijin

Sunana Arzika. Shekara goma sha tara ina sayar da kilishi a bakin tashar mota ta Dutse, tun kafin a ba mu jiha. Duk direban da ke bin hanyar nan ya san rumfata mai jan kwano, kuma babu wanda ya taɓa dawo mini da nama ya ce ya ga wani abu.

A shekarar da intanet ta fara yawa a gari, gidan talabijin ya ɗauki wani matashi aiki, Faisal, bai daɗe da gama jami'a ba. Aikinsa guda ɗaya ne. Ya zauna gaban kwamfuta ya duba abin da mutane ke rubutawa a shafukansu na intanet, ranar Alhamis bayan la'asar ya ɗaura nakatayi ya karanta wa jama'a. Wai gidajen talabijin na Turai haka suke yi, su ma ba za a bar su a baya ba.

Ni ban kalli shirin ba. Wani direban Ringim ne ya tsaya a gaban teburina da safiyar Juma'a, bai miƙo hannu ba.

"Malam Arzika, ashe jaki kake ba mu?"

Na ɗauka wasa ne, na ce uwarka ce jaka. Bai yi dariya ba. Ya ce jiya an karanta a talabijin, wani ya rubuta a intanet cewa mai kilishin tasha, mai jar rumfa, naman jaki yake sayowa daga bakin iyaka. Jar rumfa ɗaya ce a tashar nan. Ya ce da Faisal ya gama karantawa har murmushi ya yi, ya ce masu cin kilishi sai a kula kada a fara haniniya.

Ranar Asabar 'yan Hisba suka zo da likitan dabbobi. Suka buɗe komai, suka bi ni har mahauta, suka tambayi waɗanda nake sayen cinya a wurinsu. Ba su sami komai ba. Shugabansu ya ba ni haƙuri, ya ba ni takarda mai hatimi. Na liƙa ta a jikin rumfa. Wa zai tsaya karanta takarda? Mutane sun ga 'yan Hisba a rumfata, ya ishe su. Sati uku kilishi yana bushewa a faifai har ya koma kamar fatar ganga. 'Yata Zulfa ta dawo daga Islamiyya tana kuka, wai ana yi mata kukan jaki a hanya.

Na tafi gidan talabijin ɗin da takardata. Shugaban sashen labarai, Alhaji Modibbo, ya karɓe ni a tsaye. Ya kira Faisal.

Na ce, "Kai ka ce ina sayar da jaki?"

"Baba, ba ni na faɗa ba. Intanet ce ta faɗa. Ni karantawa kawai na yi."

"To ina gidan intanet ɗin? In je in same ta."

Suka kalli juna, Faisal ya danne dariya da bayan hannu. Na ga haƙoransa. Alhaji Modibbo ya ce in bar takardar, za su duba. Na ce a'a, a karanta ta ranar Alhamis kamar yadda aka karanta waccan. Ya ce shirin na abin da ke intanet ne, takardata kuwa ba a intanet take ba.

Na fito ban yi musu sallama ba.

Akwai Malam Isah, wanda a da yake zama a ƙofar gidan waya yana rubuta wa mutane wasiƙa. Da wasiƙa ta mutu sai ya koma wani shagon kwamfuta yana buga wa mutane takardu. Tare muka yi karatun allo a Buji. Na same shi na ce ya nuna mini inda aka zage ni. Ya danna, ya danna, ya juyo mini da gilashin. Wani dandali ne da 'yan boko ke zuba surutu, wanda ya rubuta kuma ya sa wa kansa suna Mai Kishin Talaka.

"Wane ne shi?"

"Allah kaɗai ya sani. Nan kowa sunan da ya ga dama yake sawa."

"Kowa yana iya rubutawa? Har ni?"

"Har akuyarka, in ta iya danna."

"Shi kuma wancan mai nakatayin, ba ya tambaya kafin ya karanta?"

Malam Isah ya ce, "Wa zai tambaya? A duk sati abin da ake rubutawa a kan Jigawa bai fi guda huɗu ba, shi kuma an ba shi rabin awa ya cika. Ko tari ka yi a nan sai ya karanta."

Na zauna a benci. Can na ce masa ya gyara zama, zan ba shi wasiƙa kamar da.

Ya ƙi da farko. Ya ce mutuwa ba abin wasa ba ce, yana tsoron Allah. Na ce tawa ce, ba ta wani ba, alhakin kuma a wuyana. Na faɗa yana bugawa: Malam Arzika mai kilishin tashar Dutse, wanda aka yi zancensa kwanakin baya, Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata bayan baƙin ciki ya kwantar da shi, an yi jana'izarsa a Buji. Muka sa hannu da sunan Maƙwabci.

Matata Kaltumi kaɗai na gaya wa. Ta ce na haukace. Na rufe rumfa tun Talatar, na shige ɗaka, na ce duk wanda ya zo nemana a ce ba na nan. Daga gidan talabijin zuwa gidana tafiyar minti goma ce a babur. Na ba Faisal kwana biyu cur ya aiko a tambaya. Wallahi da ya aiko, da na fito na ce ga ni, mu yi magana. Babu wanda ya zo.

Ranar Alhamis na zauna gaban talabijin ɗin ɗakin Kaltumi. Ga Faisal, ya ɓata fuska kamar ubansa ne ya mutu. Ya karanta duka. Har ya ƙara nasa, wai majiyarsu ta tabbatar da labarin, kuma gidan talabijin na miƙa ta'aziyya ga iyalan marigayin. Na ce Kaltumi ta ƙaro mini tuwo.

Kafin magariba ƙofar gida ta cika. Sai a lokacin na gaya wa ƙanena, na sa shi ya shimfiɗa tabarmi ya ce a dawo da safe. Da hantsi kuwa ga Sarkin Pawa, Baffa Gaji, da mahauta sun fi arba'in, ga direbobi, har da na Ringim ɗin nan. Sai da aka zauna aka shafa fatiha, na fito da farar riga na yi sallama.

Wani ya zura da gudu ya bar takalmi ɗaya. Direban Ringim ya dinga salati yana ja da baya da gindi. Baffa Gaji bai motsa ba, ya dube ni tun daga hula har ƙafa.

"Arzika, wane irin iskanci ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, wanda ya ce muku na mutu, shi ya ce muku ina sayar da jaki. Kun yarda da waccan, kun yarda da wannan. To ga ni."

Ba a nan abin ya tsaya ba. Yayata Fatsuma ta iso daga Buji a bayan motar itace, idonta ya kumbura. Ita ta san ba a binne kowa a Buji ba, sai ta ɗauka an binne ni a wani wuri ba a gaya mata ba. Ta ratsa maza ta zabga mini mari a gaban Sarkin Pawa, ta juya ta koma tasha ko ruwa ba ta sha ba. Wannan kam na ci.

Baffa Gaji ya miƙe ya ce tunda an taru, a ƙarasa. Muka ɗunguma gidan talabijin, ni a gaba da ƙunshin kilishi a hammata. Mai gadi ya ga mahauta arba'in, ya buɗe ƙofa da kansa.

Alhaji Modibbo ya fito yana gyara hula. Na ce, "Alhaji, gawa ce ta zo godiyar ta'aziyya."

Aka kira Faisal. Da ya gan ni sai takardun hannunsa suka zube. Ya fara cewa intanet ce, Alhaji Modibbo ya daka masa tsawa ya ce ya rufe baki, wace majiya ce ta tabbatar masa? Baffa Gaji ya ce su ba rigima suka zo ba, amma kotun shari'a tana nan, kuma ɓata sunan mahauci ɗaya ɓata sunan mahauta ne duka. Alhaji Modibbo ya ce za su sanar da gyara a labaran yamma. Na ce ban yarda ba. A shirin Faisal, da bakinsa, ina zaune kusa da shi. Ya karanta takardar Hisba tun daga bisimilla har hatimi, sannan ya ci kilishina mutane suna gani.

Haka aka yi, a ranar aka ɗauka. Na zaɓo masa wanda ya fi yaji, cikin wanda ya yi sati uku a faifai. Ya karanta takardar, ya ce Malam Arzika yana raye, namansa na shanu ne, shi ne bai bincika ba. Ya sa kilishin a baki yana tauna, ya ƙi taunuwa, hawaye na zuba, mai kyamara kuma ya ƙi kawar da kai. Na miƙa masa na biyu.

Sau uku aka nuna. Daga nan aka dakatar da shirin, aka mayar da Faisal ɗakin ajiye kaset.

Bayan wata guda ya zo rumfata, babu nakatayi. Ya jira layi ya ragu, ya durƙusa.

"Baba, ka yafe mini. Aikin nan shi ne na farko da na samu, ga shi ko gaisuwata ba a amsawa a ofis."

Na ci gaba da shafa labu, haɗin ƙuli da yaji, a nama. Na ce, "Sati uku 'yata ba ta fita ƙofar gida ba. Ka je ka same ta, in ta yafe ka dawo mu yi magana. Yanzu matsa, ka tare wa masu saye hanya."